Tambayoyin Masu Karatu: Mai Gyaran Firij Da Ya Zama Lord

Tambaya: Malam, ni mai gyaran firij ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Wani abokina ya ce wai a ƙasar Sikotilan akwai mai irin sana'ata da ya zama Lord. Da gaske ne? Kuma ita wannan sarauta irin wadda Mai Martaba Sarkin Gombe ke naɗa attajirai ce, ko kuwa saye ake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Sunan mutumin Willie Haughey. An haife shi a 1956 a Gorbals, wata unguwa a birnin Glasgow da ta yi ƙaurin suna wajen cunkoso da talauci. Ya koyi aikin firij tun yana saurayi, ya tafi ci-rani Abu Dhabi, ya tara ɗan abin da ya tara ya komo gida. A 1985 shi da matarsa Susan suka kafa kamfanin City Refrigeration.

Abin da ya ɗaga shi, a ganina, shi ne bai zauna a shago yana jiran firij ya mutu a kawo masa ba. Kwangilar kula da kaya ya riƙa nema, ana biyansa don kada su lalace tun farko. Da ya samu aikin manyan kantunan Asda a ƙarshen shekarun 1990, sai harka ta buɗe, har ta kai Ostireliya da Amurka. Hedikwatar kamfanin kuwa a Gorbals ya bar ta. Masu ƙanƙara da masu kifi a Gombe ma da za su samu wanda zai riƙa zagayo musu duk wata, da sun huta da asara lokacin zafi.

Batun sarauta kashi biyu ne. A 2012 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar Sir, wadda girmamawa ce kawai, ita ce ta fi kama da rawanin da ake naɗa wa attajiranmu. Ta Lord da ya samu a 2013 kuwa kujera ce a majalisar dattawan Birtaniya. Yana da ƙuri'a, yana da bakin yi wa ƙudurin doka gyara, alhali ba wanda ya zaɓe shi. Majalisar na iya jinkirta doka kamar shekara guda, amma ta wakilai ce ke da magana ta ƙarshe. Irin sarautarsa dokar 1958 ce ta kawo ta, kuma ba a gadonta, ranar da mai ita ya rasu ta ƙare.

Saye kuwa haramun ne a dokarsu tun 1925, bayan abin kunyar zamanin Firaminista Lloyd George, lokacin da aka riƙa cinikin sarautu kusan a fili. Dillalin cinikin, Maundy Gregory, ya sha ɗauri a 1933. Amma kada in rufe ka, kuɗi na buɗe ƙofa a can ma. Shugabannin jam'iyyu ne ke miƙa yawancin sunaye, kuma masu tallafa wa jam'iyya ba sa rasa shiga. Shi Haughey ya daɗe yana ba jam'iyyar Labour gudummawa a bainar jama'a, kuma jam'iyyar ce ta miƙa sunansa a zamanin shugabanta Ed Miliband.

Akwai dai hukumar da aka kafa a 2000 mai tantance sunayen. Ita ce ta taka birki a kan wasu attajirai da suka ba Labour rance a asirce, abin da ya sa 'yan sanda suka shiga maganar a 2006, har suka yi wa Firaminista Tony Blair tambayoyi yana kan mulki. A 2007 aka rufe binciken ba tare da an gurfanar da kowa ba.