Ƙuri'ar da aka kaɗa tun wata guda, me ya hana a ƙirga ta?

Malam, na ga tambayarka cewa in dai mutane a Amurka suna kaɗa ƙuri'a makonni kafin ranar zaɓe, me zai sa a kwashe kwana uku ko huɗu ba a san wanda ya ci ba, kuma ko wannan jinkirin ba shi ne ƙofar maguɗi ba. Ni mazaunin jihar Pennsylvania ne, shekaru da yawa ke nan, kuma a zaɓen 2020 ina cikin ma'aikatan wucin gadi da aka ɗauka don buɗe ƙuri'un da suka zo ta gidan waya a gundumarmu. Don haka bari in ba ka abin da na gani da idona.

Abu na farko da yake rikita mu 'yan gida shi ne muna tsammanin akwai wata hukuma guda kamar INEC. Babu. Kowace jiha da dokarta, kuma gundumomi ne ke gudanar da aikin, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shi ya sa Florida take gama ƙirga a daren zaɓe, mu kuma a bar mu a baya, alhali ta fi mu yawan jama'a.

Sai kuma a raba abu biyu da mutane suke haɗawa: shirya ƙuri'a da ƙirga ta. Ƙirgar ba ta da wuya, na'ura ce take zuƙe takardu kamar mai ƙirga kuɗi a banki. Wahalar tana wajen shiryawa. Ƙuri'ar gidan waya a wurinmu tana zuwa ne cikin ambulan biyu. Na waje yana ɗauke da sunan mai zaɓe da sa hannunsa da wata lamba da ake dubawa da na'ura don a tabbatar yana cikin rajista kuma bai yi zaɓe sau biyu ba. Na ciki babu suna a jikinsa, shi ne yake rufa wa mai zaɓe asiri. Sai a yanka na waje, a zaro na ciki, a ware su nesa da juna don kada wani ya haɗa suna da ƙuri'a, sannan a yanka na cikin, a zaro takardar, a warware ta. Wannan warwarewar kuwa, wallahi ban taɓa zaton za ta ci lokaci haka ba. Takardar da ta yi mako uku a ninke ba ta yarda ta miƙe, in ka tura ta haka na'ura ta tofar da ita. Sai ka ga manyan mutane sun jeru suna lanƙwasa takardu baya suna danne su da tafin hannu. Wani lokaci injin yanka ambulan ya haɗa da gefen ƙuri'a, to wannan sai an ware ta, a kwafe abin da mai zaɓen ya zaɓa a sabuwar takarda a gaban shaidu, a ajiye ta asalin.

To ga inda gizo ke saƙar. Dokar Pennsylvania ta hana a buɗe ko da ambulan ɗaya kafin ƙarfe 7 na safiyar ranar zaɓe. Ƙuri'ar da ta iso tun farkon Oktoba haka za ta zauna a kulle. A da wannan bai dami kowa ba, domin masu zaɓe ta gidan waya kaɗan ne, sai ka kawo uzuri. A 2019 aka yi dokar da ta ba kowa dama ba tare da uzuri ba, sai ga annobar korona a 2020, ƙuri'un gidan waya a jihar suka haura miliyan biyu da rabi. Jami'an gundumomi, na jam'iyyun biyu, sun roƙi a ba su 'yan kwanaki su fara aikin da wuri. Majalisar jiha da ke hannun 'yan Republican da Gwamna Tom Wolf na Democrat suka kasa daidaitawa, aka bar dokar yadda take. Kowa ya san abin da zai biyo baya tun kafin ya faru.

Florida kuwa ta sha ruwan tsiya a 2000, lokacin da takarar Bush da Gore ta tsaya a kan ratar ƙuri'a 537, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli. Daga nan suka gyara tsarinsu. A 2020 doka ta ba su damar fara buɗewa da tura ƙuri'u cikin na'ura tun kwana 22 kafin zaɓe, amma fitar da adadin kafin a rufe rumfuna babban laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Kuma dole ƙuri'a ta iso ofis kafin ƙarfe 7 na yammacin ranar zaɓe, in ban da na sojoji da sauran masu zaɓe da ke ƙasashen waje. Ana rufe rumfuna sai su danna, sakamakon miliyoyin ƙuri'u ya fito. Kalifoniya ita kuma nata jinkirin daban ne, tana karɓar ƙuri'ar da ta iso har kwana bakwai bayan zaɓe muddin tambarin gidan waya ya nuna an aika ta a kan lokaci.

Yanzu maganar da na san ita ce take damunka, wato yadda mutum zai kwanta barci ɗan takara yana gaba da rata mai yawa, ya wayi gari ratar tana narkewa. A 2020 Trump ya yi ta gargaɗin magoya bayansa a kan zaɓen gidan waya, don haka yawancinsu suka je rumfa ranar 3 ga Nuwamba. Magoya bayan Biden su ne suka fi aikowa ta gidan waya. A wurinmu an fara fitar da na rumfa, sai Trump ya yi gaba da dubban ɗaruruwa. Da muka ci gaba da yanka ambulan, ratar ta riƙa raguwa har ta juya, ranar Asabar 7 ga wata kafofin labarai suka bayyana Biden, wanda ya ƙare da ratar kusan dubu 80 a jihar. A Florida akasin haka aka gani, ƙuri'un da aka kaɗa da wuri aka fara fitarwa, Biden ya yi kamar yana da ƙarfi, daga baya Trump ya wuce shi ya ci jihar. Ƙuri'un ba su canza ba a ko'ina, abin da ya bambanta shi ne wace jaka aka fara zazzagewa.

Ba zan ce maka tsarin nan ba shi da aibu ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙuri'ar da ake kira tsirara, wato wadda mai ita ya manta ambulan na ciki ya cusa ta kai tsaye cikin na waje. Kotun ƙolin jiha ta yanke hukunci a Satumban 2020 cewa ba a ƙirga irinta. Na riƙe irin waɗannan a hannuna, rubutun da ke bayan wasu ma kana gani ka san na tsoho ne mai rawar hannu, amma dole ka jefa ta kwandon da aka ware. An kuma shafe shekaru ana shari'a a kan wanda ya manta rubuta kwanan wata a bayan ambulan. A ganina nan ne ainihin asarar take, ƙuri'ar halal ta faɗi saboda kuskuren takarda. Batun a cusa na bogi kuwa, a ɗakin da na yi aiki wakilan jam'iyyun biyu suna tsaye a kanmu, kowane tire da lambarsa da adadin abin da ke cikinsa, in ambulan 200 suka shiga dole takarda 200 su fito ko a rubuta dalilin giɓin.

Sai dai na yarda da kai a wuri ɗaya, jinkiri kansa yana da illa. Kwana huɗu da babu sakamako kwana huɗu ne na jita-jita, mu da muka taso muna jiran a tattara sakamako daga ƙaramar hukuma zuwa jiha mun san wannan zaman ɗar-ɗar. Michigan ta ɗauki darasi, yanzu manyan garuruwanta suna fara aikin kwana takwas kafin zaɓe. Mu da Wisconsin har zaɓen 2024 muna nan a kan sai safiyar ranar zaɓe. Abin da aka yi a Pennsylvania shi ne dokar 2022 da ta ba gundumomi kuɗi bisa sharaɗin in sun fara ba za su tsaya ba sai sun gama. Da wannan, da ƙarin injuna, da raguwar masu zaɓen gidan waya, aka san sakamakon 2024 kafin gari ya waye.

Ka kuma tambaya ko za a iya yin irinsa a gida. Najeriya ba ta da zaɓen wuri, shi ya sa 'yan sanda da 'yan hidimar ƙasa da sauran ma'aikatan da ake turawa aikin zaɓe yawanci ba sa samun kaɗa tasu. Amma ba sai an duba Amurka ba, 'yan uwanmu na Gana za su gaya maka cewa can jami'an tsaro da 'yan jarida da ma'aikatan zaɓe suna kaɗa tasu kwanaki kafin ranar, a liƙe akwatunan a ajiye, ba a ƙirga su sai an rufe rumfuna ranar babban zaɓe. Wannan ya fi kama da abin da za mu iya, domin mutum da ƙafarsa yake zuwa, babu ruwansa da gidan waya ko adireshin gida. Tambayar da zan yi wa duk wanda ya kawo shawarar a gida ita ce, a wane ɗaki akwatin zai kwana, mabuɗin yana hannun wa, kuma ko wakilan jam'iyyu za su manna nasu hatimin su rubuta lambarsa kafin a tafi da shi.