Tambayoyinku: Littafina na kiɗan kalangu ne, kuɗin tallarsa kuma kaɗan ne

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan Agege. Na kammala rubuta ƙagaggen labari a kan wani makaɗin kalangu da ya biyo mahauta zuwa Ikko, da 'yarsa da ta dage sai ta yi waƙa duk da dangi sun hana. A farkon kowane babi na sa baitin marigayi Shata. Abin da na tara bai wuce naira dubu 200 ba. Maigidana ya ce mu kama zaure mu yi bikin ƙaddamarwa, mu gayyato masu hannu da shuni. Ƙawata kuma ta ce in zuba shi a WhatsApp kawai a riƙa biya. Kaina ya ɗaure, ina mafita?

Daga wata mai karatu, Agege

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya albarka a wannan alƙalami. Gama littafi ana koyarwa ana kuma fama da gida ba ƙaramin aiki ba ne.

Bari in fara da baitocin nan, don su ne za su iya jawo miki magana. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, kin ga ke nan waƙoƙinsa suna da magada har zuwa ƙarshen 2069. Ambaton layi ɗaya a bakin wani a cikin labari daban, jera baitoci a kan kowane babi daban, ɗora muryarsa a bidiyon talla kuwa ya fi duka hatsari, don Facebook da YouTube suna iya kashe sautin ko su sauke bidiyon gaba ɗaya. Ko ki nemi izinin iyalinsa a rubuce, ko kuma, abin da ni na fi so, ki cire su ki tsara naki. Makaɗin nan naki ai ke kika ƙirƙire shi, to ki ba shi takensa da kirarinsa. Su za ki yi talla da su nan gaba, ba mai ce miki uffan.

Batun ƙaddamarwa kuwa, ki ba maigida haƙuri cikin ladabi. Kuɗin zaure a Legas, da kujeru da lemo da mai gabatarwa, za su lashe abin da kika tara kafin a buga ko shafi ɗaya. Babban mai ƙaddamarwa kuma sau da yawa alƙawari yake yi a lasifika, a yi tafi, daga nan sai ki koma zarya ofishinsa. Wanda ya san manya yana iya cin riba a irin wannan taro. Malamar makaranta mai littafin farko, da wuya.

Abin da kike da shi wanda sauran marubuta ba su da shi shi ne kiɗan kansa. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, ga kuma mayankar Oko-Oba nan kusa da ke, cike da mahautanmu. Ki sa maigida ko wani ɗan'uwa ya tambaya a can ko a Zango, ba za a rasa makaɗin da ake kira wajen biki ba. Ku zauna da shi da wayar da ke ɗaukar sauti da kyau, a ɗakin da babu ƙarar janareta. Ke ki karanta shafi ɗaya, shi kuma ya amsa miki da ganga. A nuna hannunsa kusa-kusa: yadda yake matse tsarkiyar a hammata sai sautin ya hau, ya sassauta sai ya sauko, gula tana faɗuwa a kan fata har mai sauraro ya ji kamar gangar ce ke faɗin taken da kika rubuta. Minti ɗaya ya isa. In ba ki son fuskarki ta fito, muryarki kaɗai ta wadatar. Ki yanke karatun daidai inda yarinyar ta buɗe baki za ta yi waƙa a gaban mahaifinta, sannan ki sa lambar da za a same ki. Irin wannan ne mutane ke turawa juna a WhatsApp da TikTok ba tare da kin biya kowa ba. Ko maƙwabtanki Yarbawa za su tsaya su saurara, don su ma suna da gangan ɗinsu mai magana.

Amma ki biya makaɗin haƙƙinsa, ku kuma rubuta yarjejeniya ko da layi uku ce, cewa ya amince a yi talla da kiɗan. Kada ki rubuta littafi a kan yadda ake raina maroƙa sannan ki sallame shi da kuɗin mota.

Akwai wani abu da ya kamata ki sani tun yanzu. Mafi yawan masu sayen littattafan Hausa mata ne a cikin gidaje, wasunsu kuma da sun ji an ce littafin kiɗa ne za su ja baya, ko don addini ko don kallon da ake yi wa roƙo. Saboda haka idan kina bayaninsa a rubuce, ki sa uba da 'yarsa a gaba, da rayuwar baƙunta a Ikko. Wadda ta shiga don labarin za ta tarar da kiɗan a ciki.

Shawarar ƙawarki ba laifi, sai dai da gyara. Da zarar kin tura wa mutum ɗaya cikakken littafin, ki ɗauka ya shiga zaurukan WhatsApp goma kafin gari ya waye. Ki saki babi biyu ko uku kyauta, sauran kuma kashi-kashi ga waɗanda suka biya. Kada kuma ki jingina da manhaja ɗaya. OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka dogara da ita ta rufe a 2023. Lambobin masu karatunki ki adana su da kanki, har da rubutawa a littafi.

Kuɗin da suka shigo ta nan su za ki haɗa da na hannunki ki tafi Shomolu, matattarar masu ɗab'i. Ki zaga shago uku ko huɗu kafin ki tsayar da farashi, ki buga kaɗan, in sun ƙare a ƙaro. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne haruffa masu lanƙwasa. Yawancin masu tsara shafi a can ba su jin Hausa, kwamfutarsu kuma takan mayar da ƙ da ɗ da ɓ wasu akwatuna ko ta shafe lanƙwasar, sai ki ga makaɗi ya koma makadi tun daga bango. Ki ce sai an fitar miki da samfuri ɗaya kin karanta shi daga farko har ƙarshe kafin a kunna inji. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bango, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, ki nema tun kafin a tsara bango.

Kai littafin Arewa ba sai kin yi tafiya ba. Motocin da ke sauke albasa da tumatir a Mile 12 da na shanu a Oko-Oba komawa suke yi, kwali ɗaya ba zai gagari direban da aka sani ba. Sai dai ki fara samun mai shagon littattafai a Kano ko Kaduna da kuka yi magana, ku daidaita kason kowa da ranar biya, kafin kwalin ya bar Legas.

Bikin littattafai na LABAF da ake yi a Freedom Park duk watan Nuwamba, ki je ki ga mutane ki saba da masu harkar, amma kada ki kama rumfa, masu karanta Hausa ba su da yawa a wurin. Walimar matan Idi-Araba ko taron suna a Obalende, inda za a ba ki minti biyar ki karanta, sun fi shi kawo ciniki. Ki riƙa tafiya da kwafi goma a jaka da canji.