Tambaya da Amsa: Tikitin Jirgi Mai Araha da Kuɗin Kayan da Ke Biyo Bayansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yi maka fatan alheri, kai da sauran ma'aikatan wannan mujalla. Kwanakin baya na sayi tikitin jirgin sama ta intanet, na zaɓi wanda ya fi kowanne araha, ina murnar na rage kashe kuɗi. Da na isa filin jirgi na ɗora akwatina a kan sikeli, sai ma'aikaciyar kamfanin ta ce tikitina bai ƙunshi kaya ba, dole in biya wani kuɗi dabam, kuma abin da aka karɓa a hannuna ya kusa kai rabin kuɗin tikitin. Ƙawata kuwa, wadda ta bi wani kamfani a makon nan, ba ta biya ko sisi a kan akwatinta ba. Shin wannan ba zamba ba ce? Kuma wanne ya fi wa matafiyi, tikitin da ya haɗa komai ko wanda ake biyan kowane abu dabam? *Daga wata mai karatu.*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, mun gode da wasiƙarki. Abin da ya same ki yana samun dubban matafiya kowace rana, kuma idan an rubuta sharaɗin a wurin sayen tikitin, ko da da ƙananan haruffa ne, hukuma ba za ta kira shi zamba ba. Ita ma ƙawarki ta biya kuɗin akwatinta, sai dai nata an dunƙule shi a cikin farashin tikiti tun farko, naki kuwa an ware shi an ajiye sai da kika iso gaban sikeli.

A da can, tikiti ɗaya ne yake ɗauke da kujera da abinci da akwati. A Amurka hukuma ce ma take ƙayyade farashi, har zuwa shekarar 1978 lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara su yi gasa a kan farashi. Daga nan kamfanoni masu araha suka bunƙasa, sannan salon ya ƙetara zuwa Turai, inda Ryanair na ƙasar Ireland ya fara karɓar kuɗi a kan akwatin da ake sakawa a ƙasan jirgi a 2006. Manyan kamfanoni sun ɗan jima suna kallo daga nesa, har sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta kai kusan dala 147 a watan Yuli. A wannan shekarar ce American Airlines ya sanya dala 15 a kan akwati na farko, sauran manyan kamfanonin ƙasar kuma suka bi sahu cikin 'yan watanni. Farashin mai ya faɗi warwas kafin ƙarshen shekarar, amma kuɗin kaya bai sauka ba, sai ma hawa da ya ci gaba da yi. A 2010 Spirit Airlines ya fara cajin jakar hannun da ake sakawa a ma'ajiyar saman kujera, kuma a 2023 kaɗai kamfanonin Amurka sun tara fiye da dala biliyan 7 daga kuɗin kaya. Hatta Southwest, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana tallata cewa akwati biyu kyauta ne a jiragensa, ya janye wannan alkawari a watan Mayun 2025 ga mafi yawan fasinjojinsa.

Kamfanoni suna cewa nauyi yana cin mai, kuma loda kaya da sauke su yana buƙatar ma'aikata da motoci da lokaci. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dukkan labarin ba, domin da nauyi kaɗai ake caji, da kuɗin akwati ɗaya bai ninka ba don kawai an biya shi a filin jirgi maimakon a intanet, alhali nauyin akwatin bai canza ba. Babban dalilin yana cikin yadda muke sayen tikiti a yau. Shafukan kwatanta farashi suna jera jirage daga mafi araha zuwa mafi tsada, kuma mutane da yawa ba sa wuce waɗanda suke saman jerin. Kamfanin da ya cire kuɗin akwati da na zaɓen kujera daga farashinsa zai haye saman jerin, wanda ya bar su a ciki kuwa zai koma ƙasa, ko da a ƙarshe shi ne mafi sauƙi ga mai kaya. Wannan matsin ne ya sa manyan kamfanoni suka ƙirƙiro wani rukunin tikiti mafi ƙanƙanta wanda aka tsiraita daga kusan komai. A Amurka, kamfanin Delta ya fara shi a 2012, United da American Airlines suka biyo baya a 2017. A Amurka akwai kuma wani dalili na haraji da ba kowa ya sani ba: gwamnatin tarayya tana karɓar kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin tikitin cikin gida, amma wannan harajin ba ya hawa kan kuɗin kaya, don haka duk dalar da kamfani ya ɗauke daga tikiti ya mayar kan akwati ta tsira daga harajin.

Game da wanne ya fi, ra'ayina shi ne rarrabe farashin ba laifi ba ne a karan kansa. Ɗalibin da zai yi tafiyar kwana biyu da 'yar jaka a bayansa ba shi da dalilin biyan kuɗin akwatin da bai ɗauko ba, kuma a tsohon tsari shi ne yake tallafa wa mai akwati biyu ba tare da ya sani ba. Inda nake ganin kamfanoni sun cancanci zargi shi ne wajen jinkirta bayani, wato a nuna wa mutum ƙaramin adadi a shafin farko, sai ya cika sunansa da lambar fasfonsa, ya riga ya sa rai, sannan kuɗaɗen su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, lokacin da komawa baya ya zame masa wahala. Hukumomi sun lura da haka. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1008 ta 2008 ta wajabta a nuna cikakken farashi tare da haraji da duk kuɗin da ba makawa a biya, ƙarin hidimomi kuma fasinja ne zai zaɓa da kansa, ba a zaɓa masa tun kafin ya duba ba. A 2014 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar da ta shafi kamfanin Vueling, ta ce halal ne a caji akwatin da ake sakawa a ƙasan jirgi, amma jakar hannu mai matsakaicin girma da nauyi tana cikin abin da tafiya ba ta yiwuwa sai da shi, saboda haka ba a cajinta. A kan wannan batu da makamantansa ne gwamnatin Sifaniya ta ci tarar kamfanoni biyar Yuro miliyan 179 a Nuwamban 2024, su kuma suka ƙi amincewa suka nufi kotu, domin gardamar abin da ake nufi da matsakaicin girma ba ta mutu ba.

Ga yadda za ki yi lissafi nan gaba, kuma alƙaluman misali ne kawai na kawo. A ɗauka kamfani na farko ya sa dala 200 zuwa da dawowa, na biyu ya sa dala 290 da akwati da zaɓen kujera a ciki. Idan na farko yana karɓar dala 45 a kan akwati da dala 15 a kan kujera, ki tuna cewa waɗannan kuɗaɗen na tafiya ɗaya ne, za ki biya su a zuwa, ki sake biyan su a dawowa. Jimillarsa ta zama dala 320 ke nan, ya zarce wanda ya yi kama da mai tsada da dala 30. In kuwa da jakar hannu kawai za ki tafi, kuma ba ki damu da inda aka zaunar da ke ba, na farko ya bar miki dala 90 a aljihu. Iyali masu ƙananan yara su ne wannan tsari ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, domin kowane kuɗi ana ninka shi da yawan kawuna, ga kuma buƙatar zama wuri ɗaya. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma a nan tana iya yi wa marar kaya.

Kafin ki biya, ki nemi layin da ya bayyana adadin kayan da tikitin ya ƙunsa. Idan kika ga an rubuta 0PC, ma'anarsa babu akwati ko ɗaya. 1PC akwati ɗaya ne. Idan kuma aka rubuta 30K, kilo 30 ne aka ba ki. Idan kin san za ki ɗauki akwati, ki saya masa wuri a lokacin sayen tikitin, domin a kusan dukkan kamfanoni masu araha farashin teburin awo ya fi na intanet, na bakin ƙofar shiga jirgi kuma ya fi su duka. A can ne ake ajiye wani ɗan keji na ƙarfe da ake zura jakar hannu a ciki, kuma tayoyi da mariƙi duk suna cikin awo, sau da yawa ma su ne suke hana jaka shiga.

Tambaya: Malam, tikitina ya ce akwati biyu masu kilo 23 kowanne. Na zo da ɗaya mai kilo 28 da ɗaya mai kilo 15, jimilla 43, ƙasa da 46 da aka ba ni, amma duk da haka aka ce in biya kuɗin wuce awo. Ina adalci a nan? *Daga wani mai karatu.*

Amsa: Ɗan'uwa, tsari biyu ne ake bi a duniya, kai kuma ka yi lissafi da wanda ba naka ba. A tsarin nauyi, ana ba fasinja jimillar kilo, ya raba su yadda ya ga dama a tsakanin akwatunansa. A tsarin ƙidaya, wanda ya mamaye tafiye-tafiyen da suka shafi nahiyar Amurka kuma kamfanoni da yawa suka ɗauka a wasu hanyoyin, kowane akwati yana tsaye da ƙafarsa, kuma rangwamen da ɗaya ya bari ba ya komawa kan ɗan'uwansa. Da ka kwashe kilo biyar daga babban ka zuba a ƙaramin, a nan gaban teburin, da ba ka biya komai ba, kuma ma'aikata ba sa hana yin haka. Ka kuma kiyaye abu biyu: tsawo da faɗi da kaurin akwati idan an haɗa kada su wuce santimita 158 a yawancin kamfanoni, sannan akwati ɗaya da ya haura kilo 32 galibi ba a karɓarsa ko da za ka biya, saboda kare lafiyar masu ɗaga shi.

Tambaya: Malam, zan yi tafiya mai zango biyu da kamfanoni biyu dabam-dabam. Dokar kayan wanne ce za ta hau kaina? Kuma idan na biya kuɗin akwati ya ɓace, me zan samu? *Daga wata mai karatu.*

Amsa: Hajiya, amsar ta rataya ne a kan ko tikiti ɗaya kika saya ko biyu. Idan tikiti ɗaya ne ya haɗa dukkan tafiyar, ƙa'idar Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, IATA, ita ce a bi dokar kamfanin da ya ɗauki zango mafi muhimmanci, wanda galibi shi ne mai ƙetare nahiya; ga tafiyar da ta fara ko ta ƙare a Amurka kuwa, kamfanin da sunansa yake kan zangon farko na tikitin ne yake da ikon tsayar da dokar da za a bi har ƙarshe. Abin da aka tsayar za ki same shi a rubuce a takardar tikitinki, don haka ki ajiye ta a waya ko ki buga ta. Idan kuwa tikiti biyu kika saya dabam don neman sauƙi, kowane kamfani zai yi miki nasa awon da nasa cajin, kuma mai yiwuwa ne sai kin karɓi kayanki a inda kika yada zango kin sake miƙa su, abin da a wasu ƙasashe yake buƙatar bizar shiga.

Batun ɓata kuwa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce take aiki a yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. Ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da aka damƙa masa, ko an biya musu kuɗi dabam ko suna cikin tikiti, kuma tun daga ƙarshen Disamban 2024 iyakar diyyar ta kai 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wato kimanin dala 2,000 ga kowane fasinja, ba ga kowane akwati ba. Wannan adadin iyaka ce, ba kyauta ba; abin da kika iya tabbatar da darajarsa shi za a biya, shi ya sa rasit da hoton kayan kafin a rufe akwati suke da amfani. Kada ki bar filin jirgi sai kin kai rahoto a teburin kayan da suka ɓace an ba ki lambar ƙorafi, kuma ki riƙe 'yar takardar nan mai lamba da ake manna wa a bayan katin shiga jirgi. Idan akwatin ya iso a lalace, kwana 7 kike da su ki rubuta ƙorafi. Idan ya makara, kwana 21 daga ranar da aka miƙa miki shi. Idan kuma kwana 21 suka wuce bai iso ba, kina da damar neman diyyarsa a matsayin wanda ya ɓace. Shi kuwa kuɗin da kika biya na ɗaukar akwatin, ki nemi a mayar miki da shi a cikin wannan wasiƙar ƙorafin, domin a Amurka ƙa'idar 2024 ta wajabta mayarwa idan kaya suka makara fiye da awa 12 a tafiyar cikin gida, a wasu ƙasashen kuwa sai wanda ya nema ake duba wa. Kuɗi da gwal da magunguna da takardun shaida, da kuma batirin cajin waya wanda dokar tsaro ta hana a saka shi a ƙasan jirgi, duk su kasance a jakar da ke hannunki.