Albashi ba ya isa: in ajiye aiki in koma kiwon kaji a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekarata 38, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Albashi ba ya kai mu ƙarshen wata. Akwai fili a bayan gidana, kuma maiɗakina tana kiwon kaji 50 masu ƙwai, suna kawo ɗan na cefane. Ina so in ajiye aiki in zuba kaji 500. Mene ne shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kiwon dai ka yi shi, amma takardar ajiye aikin nan ka mayar da ita aljihu tukuna.

Bari mu fara da cikin kaza, don nan kuɗin yake tafiya. Ɗan tsakon da ka sayo yau ba zai ba ka ƙwai ba sai ya kai mako 18 zuwa 20. Kafin nan kowace kaza za ta ci wajen kilo 7 na abinci. Kaji 500 ke nan sun lashe buhu kusan 140 mai kilo 25, kai kuwa ko ƙwai ɗaya ba ka ɗauka ba. Ban sa kuɗin 'yan tsakin ba, ban sa gawayin ɗumama su ba, balle rigakafin cututtukan kaji irin su Gumboro da Newcastle (rigakafin Newcastle shi ake kira Lasota). Idan sun fara yi kuma, kowace tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhu biyu da ɗoriya kullum, ko an sayi ƙwai ko ba a saya ba. Wa zai ciyar da su wata biyar ɗin nan, ya kuma ciyar da mutum shida a cikin gida? Albashin da kake rainawa.

In kiwo ya yi kyau, kaji 500 za su ba ka ƙwai wajen 400 a rana, kiret 13 ke nan da 'yan kai. A takarda abin gwanin sha'awa. Sai zafin Maris zuwa Mayu ya shigo, ka shiga ɗaki da rana ka tarar da su baki buɗe, fukafukai a sake, sun ƙi abinci, ɓawon ƙwai ya yi laushi yana fashewa a hannu. Sai masara da waken soya su tashi a kasuwa, buhun abinci ya bi su, mai shayin da ke karɓar kiret uku kullum ya ce a yi masa haƙuri sai Juma'a. Kaji 50 ba sa nuna wa mutum wannan, domin maƙwabta kaɗai sun isa su saye ƙwansu. Kiret 13 kuwa sai da dillali, shi kuma shi ke yanka farashi. Ga murar tsuntsaye, wadda tun da ta ɓulla a Najeriya a 2006 ba ta daina leƙowa ba. In ta shiga gona, ɗakin gaba ɗaya ake rasawa.

Abin da ma'aikata da yawa ba su sani ba shi ne, doka ba ta ce sai ka zaɓi ɗaya ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, amma ya cire noma daga cikin hanin. To don me za ka saki reshe ka kama ganye?

Ka kuma duba abin da za ka bari. A dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, kashi 25 cikin ɗari kawai zai iya cira daga asusunsa, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Inshorar lafiyar da ke ɗauke da kai, matarka da 'ya'ya huɗu ita ma za ta tsaya.

Ni a ganina ka ɗaga kajin zuwa 200. Buhu ɗaya suke ci a rana, kuma safiya da yamma sun ishe ka duba su. Ka sayi 'yan tsaki daga wurin da aka sani, ka nemi likitan dabbobi ya rubuta maka ranakun rigakafi. Ka ajiye littafi, ka rubuta komai, har ƙwan da aka soya wa yara da kashin kajin da masu lambu suka saya. Ka bi su har su tsufa ka sayar, ka zuba wasu da kuɗinsu ba tare da ka taɓa albashi ba. In ribar wata ta kai albashinka, har a watannin zafi, kuma kana da kuɗin abincin kaji na wata uku a ajiye, to ka dawo mu yi maganar takardar.

Wani abu kuma, Malam: kaji 50 ɗin nan na uwargida ne, ita ta san hannunsu, ita ce kuma za ta wuni da 200 ɗin kana ofis. Ku zauna ku yanke kason kowa, a rubuta, kafin motar 'yan tsaki ta iso.