Tambaya da Amsa: Ina Ruwan Daji da Tsaftar Kogi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Kullum ana cewa a daina sare dazuzzuka domin kada koguna su gurɓace, amma ni ban ga alaƙar ba. Ashe ba ruwan sama ne ke wanke datti ba? Daga wani mai karatu.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Ruwan sama yana wanke datti, amma abin lura shi ne inda yake kai shi. Idan ya sauka a fili fetal, ba ya tsayawa ya nitse, sai ya malala a guje, ya kwashi laka da ragowar takin zamani da maganin feshi da kashin dabbobi, ya juye su a rafi mafi kusa. A daji kuwa, ganyaye suna rage ƙarfin saukarsa, busassun ganyen da suka lulluɓe ƙasa suna riƙe shi, sannan ya bi sawun saiwoyi ya nitse, inda itatuwa da ƙananan halittun cikin ƙasa ke zuƙe wani kaso na sinadaran naitirojin da fosfaros da ake samu a cikin taki.

Waɗannan sinadarai biyu su ne babbar matsalar. Idan suka yi yawa a ruwa, gansakuka takan yi tsiro ba ƙaƙƙautawa, in ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar oksijin, kifi ya rasa abin shaƙa. A shekarar 2017, yankin da ya shaƙe ta wannan hanya a Tekun Meziko, inda Kogin Misisifi ke zuba, ya zarce murabba'in kilomita 22,000.

Birnin New York ya gane wannan da wuri. A 1997 ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan yankin duwatsun Catskill, inda birnin ke samun ruwan sha, ya riƙa sayen filaye yana tallafa wa manoma su kiyaye bakin rafuka, kuma hakan ya hutar da shi gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli.

A ganina, itatuwa da ciyayin gaɓar kogi sun fi cancantar kariya, domin su ne shinge na ƙarshe, ko da yake su ake fara sarewa saboda ni'imar wurin. Sai dai shingen ba ya aiki idan aka haƙa magudana ta ratsa shi, ko aka zuba taki fiye da kima ana gab da ruwa mai ƙarfi.