Abokan ciniki sun ƙi biyan bashi: ta ina za a ɓullo musu?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini a kan sari ya aiko da tambaya cewa abokan cinikinsa uku sun ɗauki kaya bashi, yau wata takwas ke nan. Ɗaya ya daina ɗaga waya, ɗaya kullum gobe ne ko jibi, na ukun kuma ya fara cewa kayan da aka kai masa ba su cika ba. Yana so ya san ko ya kai su wurin 'yan sanda ne, ko kuwa ya haƙura.

Alhaji, babu ɗaya cikin biyun da zan ba ka shawara a kai. Bashin ciniki magana ce ta yarjejeniya tsakanin mutum biyu, kuma a yawancin ƙasashe kotu ce ke da hurumin raba irin wannan gardama, ba ofishin 'yan sanda ba, sai fa idan akwai zamba ƙarara tun daga farko. Wanda ya sa aka tsare mutum saboda bashi, ko ya tura masa ƙarti, ko ya yaɗa hotonsa a Facebook yana kiransa macuci, yakan wayi gari shi ake ƙara, bashin kuma yana nan inda yake.

Abin da nake so ka fara yi shi ne ka mayar da kowane bashi rubutacce, wanda mai shi ya amsa da hannunsa. Na sha ganin 'yan kasuwa sun zo mini da littafin bashi cike da rubutunsu su kaɗai, babu sa hannun wanda ya karɓi kaya ko a shafi guda, kuma irin wannan littafi rauninsa yakan fito fili ranar da aka yi musu. Ka tattara rasit, da takardar kai kaya wadda mai kula da sito ya sa wa hannu, da saƙonnin waya, sannan ka aika wa kowannensu lissafin abin da kake binsa, ka nemi ya tabbatar. Ko saƙon WhatsApp ne ya rubuto cewa ya san da kuɗin, a ƙara masa lokaci, ka adana shi, domin ya riga ya toshe wa kansa ƙofar musu. Ba banza ba ne aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta zo a kan rubuta bashi da kafa shaidu.

Akwai kuma dalili na doka. Bashi yana da wa'adin da idan ya wuce kotu ba za ta saurare ka ba. A Ingila, dokar 1980 ta ba da shekara 6 ga bashin yarjejeniya, kuma ƙasashe da dama da suka gaji tsarin shari'arta suna da makamancin haka. A ƙarƙashin wannan doka, idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani abu daga ciki, lissafin wa'adin yakan koma farko. Saboda haka jan ƙafar da suke yi ba su yake cutarwa ba.

Mutanen nan uku ba magani ɗaya za ka yi musu ba. Mai gobe da jibi wataƙila jarinsa ne ya karye yana jin nauyin faɗa, don haka ka zauna da shi ku yanka biya kashi-kashi da ranaku sanannu, tare da jingina ko wani mai mutunci da zai tsaya masa. Idan ma ragi kaɗan zai sa ya biya nan take, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mai cewa kaya ba su cika ba, ka tambaye shi me ya sa bai faɗa ba ranar da aka sauke, ka nemi ya biya abin da babu gardama a kansa, saura kuma ku sa wanda kuka yarda da shi ya shiga tsakani.

Wanda ya daina ɗaga waya shi ne mai taurin bashi na gaske. Lauya ya rubuta masa takardar neman biya, a faɗi adadin kuɗin da asalinsa, a ba shi kwana 14, a kuma bayyana cewa kotu ce mataki na gaba. Kada ka yi wannan barazana sai ka shirya cikawa. Kafin ka shigar da ƙara, ka bincika ko akwai kotun ƙananan basussuka a inda kake, domin ta fi sauri da sauƙin kuɗi, ka kuma bincika ko mutumin yana da abin da za a kama, asusun banki ko kadara, tunda hukuncin kotu takarda ce har sai an aiwatar da shi. Daga yau kuma, ko ƙusa ɗaya kada ta sake fita zuwa wurin ɗayansu sai da kuɗi a hannu.