Tambaya Rabin Ilimi: Farar Ƙurar Nan Gindin Tafki Ce

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonninku na wannan wata sun cika mini waya har jikata ta ce sai an goge hotuna. Na zaɓi huɗu. Mai tambaya kan gawo daga Matamaye, ka yi haƙuri sai fitowa ta gaba, zancen gawo ba ya gajarta. Ina wannan rubutu a zaurena na Zango, ƙafa cikin safa, rana ta fito fara fat kamar faifai, ana kallonta ido da ido. Don haka bari mu fara da abin da ke shiga hancinmu.

Wata Hajiya mai ɗinki a Birni ta rubuto: "Malam, in share ɗaki da safe, in rufe ƙofa da taga, kafin azahar kan kekena ya yi fari kamar an barbaɗa garin rogo. Rairayin da na sani ja ne. Wannan farar ƙura daga ina take?"

Hajiya, kin fama mini tsohon miki. Shekarata ta biyu da fara koyarwa, wani yaro ya yi mini wannan tambaya a aji. Na ce masa yashin Sahara ne, ya zauna. Ya ce, "Mushe, ai yashi ba ya tashi sama haka." (Mushe, wato Monsieur na Faransanci, haka yara ke kiran malami.) Na kore shi waje, wai ya yi rashin kunya. Shi ke da gaskiya. Yanzu furfura ta fara fito masa, kuma duk ranar da muka haɗu a Kasuwar Dole sai ya duƙa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Mushe, yaya yashi?"

Ƙwayar yashi nauyi gare ta. Iska mirgina ta take yi, ta ɗan yi tsalle kusa da ƙasa, ta tara tudu. Abin da zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a sama sai wanda ya fi garin tuwo laushi. Kaso mai yawa na hazon da ke sauko mana daga wani kwari yake tasowa a arewacin Cadi, wajen garin Faya, ana ce masa Bodele. Duwatsun Tibesti na gefe guda, na Ennedi na ɗaya gefen. Iskar hunturu ta matso tsakaninsu kamar ruwa a indararo, ta fito da ƙarfi, ta daki kwarin. Kusan kwana 100 a shekara ƙura na tashi a wurin, kuma masana na lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya.

To me ya sa fara ce? Saboda kwarin nan gindin tafki ne. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce, Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, wato ya ninka jihar Damagaram sau biyu da ɗoriya, kuma Bodele shi ne wurinsa mafi zurfi. A cikin ruwan akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, ido ba ya ganinsu, kowace na da ɗan ɓawo irin na gilashi. Suna mutuwa suna nutsewa, shekara dubu bisa dubu, har suka yi shimfiɗa mai kauri. Da ruwa ya ƙafe sai aka bar farar ƙasa maras nauyi, wadda in kin murza da yatsa take zama hoda. Da za ki lakato ta kan kekenki a sa a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji, za a iya samun gutsattsarin ɓawon nan a ciki, gauraye da laka da sauran tarkacen da iska ta kwaso a hanya.

Kuma ba a ɗakinki tafiyar take ƙarewa ba. A 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka, da taimakon wani tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO, sun ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura na barin Sahara ta gefenta na yamma kowace shekara, kuma kusan tan miliyan 28 na sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, bayan ta tsallake teku. A cikinta akwai fosfor kamar tan 22,000. Duba buhun takin NPK, harafin P ɗin nan shi ne. Ruwan sama na wanke fosfor daga ƙasar wancan daji, ƙurarmu na mayar masa. Masana na jayayya kan ko ta Bodele ce ta fi isa can ko ta yammacin Sahara, wajen Mali da Muritaniya. Su ƙarata. Ni abin da ke ba ni dariya, manominmu na cin bashi ya sayi taki, iska kuwa na kai wa wasu kyauta.

Shawara ɗaya: ki rufe keken da tsumma, ki yayyafa ruwa kafin shara, yara kuma a rufe musu hanci ranar da hazo ya yi kauri. Lokacin nan na ƙura da bushewar iska shi ne lokacin sanƙarau.

Wata ɗaliba ƴar lise, wato babbar sakandare, daga Mirya: "Baba Malam, an ce da can Tenere daji ne mai ruwa, an kuma ce an tono ƙasusuwan dinozor a can. Ke nan mutanen da suka zauna wurin sun yi zamani da dinozor? Yaya suka yi da su?"

Ɗiyata, kin haɗa labari biyu na gaskiya kin ɗaure su da igiya ɗaya, kuma ba laifinki ba ne, don a ƙasa ɗaya aka tono su, mutum ɗaya ma na cikin duka biyun.

A shekarar 2000 ayarin wani Ba'amurke, Paul Sereno, na neman ƙashin dinozor, dabbobin nan na da can da suka ƙare, a hamadar Tenere sai suka ci karo da maƙabarta a wani wuri mai suna Gobero. Kaburbura wajen 200, a bakin tsohon tafki. An samu masun kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa, da kada, da dorina. An samu yarinya da awarwaron haƙorin dorina a dantse. Wanda ya fi tsaya mini a rai kabarin wata mata ne da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwa a sarƙe. Mafi tsufan mutanen Gobero sun kai shekara kusan 10,000. A arewa da Agadas kuma, a Dabus, akwai zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa a dutse, tsayinsa ya haura mita 5. Wanda ya zana shi ya san dabbar ido da ido. Yau in kina son ganin raƙumin dawa a Nijar, yawancinsu sai kin je Kure, kusa da Yamai.

Dalilin ruwan kuwa, duniya na juyawa tana ɗan layi kamar katantanwar da yara ke murzawa. Layin nan na ɗaukar shekara dubu ashirin da ƴan kai kafin ya zagayo. A wancan zamani ya sa zafin rana ya fi dukan arewacin Afirka a lokacin damina, iskar teku ta shigo da ƙarfi, hadari ya kai can cikin Sahara. Wajen shekara 5,000 da suka wuce abin ya juya.

Dinozor na Gadufawa, wani wuri a Tenere ɗin, kuwa shekararsu wajen miliyan 110. Akwai wanda aka raɗa wa sunan ƙasarmu, Nigersaurus, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, yana kiwo kai a ƙasa kamar saniya, kowane haƙori na sauyawa cikin kamar mako biyu. Akwai kada mai tsawon mita 9 ko fiye. In kin je Yamai ki shiga gidan tarihi na Bubu Hama ki ga ƙasusuwan irinsu. Ga yadda nake auna wa ɗalibaina tazarar: ki ɗauki kowace shekara milimita ɗaya ce. Mutanen Gobero na nan mita 10 daga inda kike, ko ƙofar gida ba ki fita ba. Kafin ki isa ga Nigersaurus sai kin yi kilomita 110, kusan zuwa Takeita daga Damagaram da dawowa. Ba su taɓa haɗuwa ba.

Wani saurayi mai sayar da ƙanƙara a tasha: "Malam, me ya sa randar kakata ke sanyi ƙarara a bazara, amma a watan Agusta ruwanta ɗumi-ɗumi?"

Ɗana, randa gumi take yi. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. In kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan ya bushe, zafin da ya ɗauke ya isa ya sauke na sauran da kusan digiri 6, in ba wani zafi ya shigo daga waje ba. Iskar bazara busasshiya ce, tana sha da sauri. Ta Agusta ta riga ta ƙoshi. Shi ya sa kuma sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi, don ta tsohuwa ƙofofin sun toshe, wanda ya shafa wa tasa fenti kuwa ya kashe ta. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ka gaida kaka. Ranar da aka ɗauke wuta ita za ta ba ka ruwa.

Na ƙarshe, wani magini daga wajen Magarya: "Baba, muna haƙar laka a tafkin da ya ƙafe wata huɗu, sai diga ta fasa wani dunƙule, ga kifi a ciki da ransa. Yaran aikina sun watse, sun ce na iskoki ne. Don Allah mene ne?"

Malam magini, ka kira yaranka su dawo bakin aiki. Gaiwa ce. Da tsoho ɗaya a cikinku da ya riga ku ɗauka.

Gaiwa kifi ce mai huhu. Ko a cikin ruwa sai ta riƙa tasowa tana shaƙar iska, in ka danne ta a ƙasa ka hana ta tasowa, nutsewa za ta yi ta mutu kamar ni da kai. Idan tafki ya fara ja, sai ta kutsa cikin laka da baki, ta yi rami, ta naɗe jiki, wutsiya bisa kai. Jikinta ya yi ta fitar da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama kwanso siriri kamar takarda, ya rufe ta ruf sai ƴar ƙofa daidai baki, inda iska ke shigowa ta ramin da ta bi. Ba ci, ba sha, ba fitsari. Dattin da ya kamata ta fitar sai ta mai da shi wani nau'i maras dafi sosai ta adana har ruwa ya dawo. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya zama jefi-jefi. Abin da take rayuwa da shi naman jikinta ne, tana narkar da shi kaɗan-kaɗan. Kakanninmu da suka ce gaiwa mai cin jikinta ba su shiga ɗakin gwaji ba, amma ko ni ban isa in gyara musu maganar ba. A tafkunanmu wata bakwai ko takwas take yi haka. A hannun masu bincike an ga wadda ta yi shekara uku ta farka. Danginta shida ne kawai suka rage a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostiraliya.

Na taɓa kai ɗaya aji. Wani ɗalibi ne ya kawo mini daga ƙauyensu na wajen Ƙorama, dunƙulen laka kamar ƙwaryar fura, a cikin buhu. Muka sa a daro muka zuba ruwa, yara sittin sun kewaye, har na baya sun hau tebur. Laka ta yi ta narkewa, ruwa ya yi baƙi, ba abin da ya motsa. An kusa tashi, na fara tunanin yadda zan kare kaina, sai ga kumfa. Kwanson ya yi laushi ya saɓule, wutsiya ta zame daga kan fuska, ta miƙe a hankali kamar tsohon da ya daɗe a zaune, ga ƴan fikafikanta huɗu sirara kamar zare. Ta ɗago baki sama da ruwa ta ja iska har muka ji ƙara. Wata yarinya ta yi salati da ƙarfi. Wani mai ƙarambani ya miƙa yatsa na buge hannun, don haƙoranta faranti ne masu fasa katantanwa, kuma ba ta saki da wuri. Ka faɗa wa yaranka wannan, shi ne abin tsoron da ke jikinta.

Na bar ta a daron a bayan aji, na rufe da allo, da niyyar mu auna ta gobe. Da safe na tarar da daro wayam. Mai gadi ya rantse kyanwa ce. Kyanwar har allon ta mayar ta rufe.